Yadda gidan caca ya cinye min amanar Alhaji a Legas

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari, don ko a danginmu ba kowa ya san ainihin yadda akayi ba. Amma kwanakin nan bidiyoyin da yaranmu suke turawa juna a WhatsApp sun ishe ni, zakaga mutum ya zauna cikin mota mai sanyi yana cewa wai caca ba matsala bace in dai kana da natsuwa, wai sirrin kawai ka iya riƙe zuciyarka, ka yanke abinda zaka saka, in ka ci ka tashi ka tafi gida. Wallahi duk sanda naji wannan maganar sai gabana ya faɗi, saboda ita ce ta zaunar dani a gidan caca har na kusa rasa komai.

Ni mutumin ƙasar Katsina ne, kawuna ne ya kawo ni Legas ina saurayi muka sauka Agege. Da dako na fara a kasuwar Mile 12, sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa daga motocin arewa tun duhun asuba. Da yake na ɗan yi boko kuma kaina yana ja a lissafi sai kawu ya haɗa ni da wani Alhaji ɗan garinmu mai harkar canji a Island, wato tsibirin Legas. Duk wanda ya san canji ya san amana ce take riƙe da sana'ar, Alhaji zai miƙo maka dala dubu goma babu takarda babu shaida yace kai wa wane a Ikoyi, ka kai ka dawo, shikenan. Na yi shekaru a ƙarƙashinsa kobo bai taɓa ɓata a hannuna ba, shi ya tsaya min na yi aure, har ya kai in zai tafi Umra ni yake barwa makullin sef.

Wajen 2021 ne, bayan gari ya buɗe daga kullen korona, na samu wani kwastoma ɗan kasuwa mai kirana da tsakar dare. Ƙarfe ɗaya ƙarfe biyu zai ce in karɓi dala in bashi naira, kuma baya ciniki, duk farashin da na faɗa sai yace kawo. Lokacin ina kwana Obalende ranakun aiki, iyali suna Agege sai ƙarshen sati nake zuwa. A wani babban otal a Victoria Island nake samunsa, ya fito bakin ƙofa mu yi lissafi ya koma, har wata rana yace in shigo ciki in jira shi don bai gama ba.

Abinda ya fara kama ni a ɗakin nan tun kafin kuɗi shine yadda ake girmama mutum. Ni da na wuni a rana bakin titi ina dala, fam, yuro, masu motoci suna ɗaga gilas in na matso, ga ni nan ana ja min kujera ana oga me za a kawo maka, lemo kyauta, nama kyauta, sanyin AC, kafet mai laushi. Babu taga babu agogo a bango, bazaka san dare ya raba ba. Kuma kuɗi baya hawa tebur, zaka bada naira a baka wasu ƴan fayafayan roba masu launi da suke kira cips. Ni aikina ƙirga kuɗi ne, na san nauyin bandir ɗin dubu ɗari a hannu, na san yadda zuciya take yi in zaka rabu dashi, amma ƴar roba ɗaya da ta kai wannan kuɗin da yatsa biyu zaka turata gaba baka ji komai ba.

Rulet kwastoman nawa yake bugawa. Faranti ne mai juyawa da ramuka 37, daga 0 zuwa 36, guda 18 ja, 18 baƙi, sifili kuma kore, dila, wato ma'aikacin da yake kula da teburin, ya jefa ƴar ƙwallo fara tana zagayawa har ta faɗa rami ɗaya. Ranar ya ci da yawa sai ya debo cips ya zuba min a hannu yace Malam gwada sa'arka. Na ɗora a ja, ja ya fito, na bari a wurin ya sake fitowa. Na fita daga otal ɗin da abinda sai nayi sati biyu a titi kafin in haɗa shi.

To daga nan ne maganar natsuwa ta shigo. Akwai wani dattijo mai furfura, tsohon ma'aikacin banki, kullum yana kujerar ƙarshe da ɗan littafinsa yana rubuta lambobin da suka fito. Shi ya ja ni jiki, yace min Malam waɗanda kake gani ana cinyewa zuciyarsu ce take cinye su, suna wasa da fushi da kwaɗayi, mai hankali yana zuwa da tsari. Maganar ta shige ni sosai don ta dace da yadda nake kallon kaina. Sai na kafa wa kaina dokoki: bana taɓa kuɗin Alhaji ko na kwastoma, daga kamashona kawai zan cire, tsabar kuɗi zan zo dasu in bar katin ATM a ɗaki, in kuɗin ya ninka in tashi, in ya ƙare in tashi, bana shan giya, bana zuwa daren Juma'a.

Ku saurare ni da kyau a nan, dokokin nan sun yi aiki, watanni ina bin su babu kuskure. Kuma shine babban abinda ya cuce ni, don duk daren da na tashi a kan lokaci sai in ƙara yarda cewa ni daban nake, ni ba ɗan caca bane, ɗan kasuwa ne mai lissafi. In naga wani ya cire agogonsa yana neman wanda zai saya a bakin banɗaki sai in ce a raina Allah sarki, bai iya riƙe kansa ba. Da ban kafa dokokin ba da tun farko tsoro ya kore ni, su suka kwantar min da hankali har ƙafata ta saba da wurin, masu gadi suka san sunana, dila ya san lambar da nake so.

Lambar 17 ce. Wani dare na ɗora mata cips sau da dama bata fito ba, kuɗin da na zo dasu saura kaɗan, na tattara na ɗora duka. Ƙwallon ta rage gudu, ta daki ƙarfe ta yi tsalle ta faɗa 17, da idona na ganta a ciki, sai ta sake ɗan tsalle ta koma 34 da yake maƙwabcinta a jikin farantin. Duk teburin aka yi ihu. Dila ya sa hannu ya share cips ɗina, ni kuwa jikina rawa yake, gumi yana keto min cikin wannan sanyin. A ƙa'ida ta tashi zan yi. Amma abinda zuciyata take faɗa min shine ai ka ci, ƙwace maka akayi, lambar ta zo kusa. Na tashi na je wurin kashiya na ciro waya nayi taransifa, ina ce wa kaina ai dokar kati ta hana, bata ce komai akan waya ba. Haka dokokin suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, babu wadda na tsaya nace yau na karya ta, kowacce sai na samo mata fassara. Ninki ya koma ninki biyu, daren Juma'a ya koma ai bayan sha biyu Asabar ce.

Farkon 2023 da aka canja fasalin naira kuɗi suka ɓace a gari, kowa ya tuna layin banki da yadda masu POS suke sayar da naira da naira. Daga lokacin komai ya koma taransifa, maganar zuwa da tsabar kuɗi ta mutu gaba ɗaya, kuma a wayata akwai asusun da kuɗin kwastomomi suke shiga su kwana kafin safe. Ɗan canji kuma baya rasa mai ranta masa, kira ɗaya zan yi in ce wani kwastoma ya matsa min, abokan sana'a su turo ba tambaya saboda sunan da na gina a shekaru.

Dattijon nan ya koya min abinda yake kira tsarin da baya faɗuwa: ka ɗora a ja, in an cinye ka ninka, ka yi ta ninkawa, ranar da ja ya fito ka dawo da duk asararka da riba. A baki yana da daɗi. Amma ku ɗauki kalkuleta, ka fara da 5,000, sai 10,000, 20,000, 40,000, 80,000, 160,000, 320,000, 640,000. Faɗuwa takwas a jere ka zubar da 1,275,000, kuma zubi na tara sai ka ɗora 1,280,000, duk don ka ci ribar 5,000. Faɗuwa takwas a jere kuwa tana zuwa kusan sau ɗaya cikin 200, wanda yake zama a tebur dare bayan dare dole ya haɗu da ita, ga shi kowane tebur yana da iyakar abinda za a bari ka ɗora, kafin ka kai ga ramawa sai dila yace oga ka kai maƙura. Akwai allo a gefen tebur da yake nuna lambobin da suka wuce, in kaga baƙi ya jeru sau shida sai kowa ya rufta kan ja wai lokacinsa ya yi. Ƙwallon bata san me ya fito ɗazu ba, kowane juyi sabo ne. A gidan cacar Monte Carlo a 1913 baƙi ya fito sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a ja suna cewa yanzu kam dole, aka kwashe su tas.

Abin da ya fi ci min rai shine lissafin a fili yake, babu wanda ya ɓoye shi. Ramuka 37 ne amma in lambarka ta fito ninki 35 ake biyanka, in ja ko baƙi ka ɗora to sifili yana fitowa an share ku duka. Wannan ɗan gibin shine kashi 2.7 cikin ɗari na duk abinda aka ɗora, rabon gida kenan, a farantin da yake da sifili biyu irin na Amurka ma ya haura kashi 5. Mu a canji da bambancin naira biyar ko goma a kan dala muke ci da iyali, don haka na san ƙaramin gibi in yana maimaituwa shine arziki. A ce kana ɗora 10,000 duk juyi, a yi juyi 40 a awa ɗaya, kuɗin da ya ratsa teburin ta hannunka 400,000 ne ko da 100,000 kawai ka shigo da ita, rabon gida a ciki ya kai wajen 10,800 duk awa. Ko kana cikin fushi ko kana cikin natsuwa, ko ka yi alwala ko ka sha giya, wannan kason baya canjawa. Natsuwa iyakarta ta sa kuɗin su tafi a hankali, mai gidan caca kuma ya fi son wanda zai riƙa zuwa shekara da shekaru akan wanda zai ƙone dare ɗaya ya gudu. Dattijon da yake koya min tsari daga baya na ji cewa gidansa na Surulere ya daɗe da sayarwa.

Wani Alhaji mai shigo da kaya daga Sin ya ajiye dala a wurinmu, yace sai kayansa sun tashi zai karɓa. Cikinsu na fara cira, dala 500, da niyyar kafin safe zan mayar. Na mayar kuwa a karon farko. Karo na gaba ban samu mayarwa ba, sai na ciri wata don in ramo ta farko, garin neman gira na rasa ido. Ina cikin wannan ramin gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dalar da muke sayarwa wajen 750 ta kama hawa kullum, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Bashina da dala yake, abinda nake samu kuma naira ne, ko ban sake taka ƙofar otal ɗin ba ramin ninka kansa yake yi ina kwance. Duk safiya in an faɗi farashi abokan sana'a suna murna ni cikina yana ƙugi. Sai tunanin ya koma cewa babu inda zan samu irin wannan kuɗin da sauri sai inda na zubar dasu.

A wannan lokacin babu sauran daɗi a wasan. Ko na ci bana murna, lissafi kawai nake saura nawa. Sau da yawa zan fito daga ɗakin nan in tarar gari ya waye, ƴan danfo, motocin hayar Legas, sun fara kiran Obalende, CMS, asuba ta wuce ni ban sani ba, in rama ta a gurguje zuciyata tana kan faranti. Akwai aya ta 91 a Suratul Ma'ida da take cewa Shaiɗan yana so ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku ta hanyar giya da caca, ya kuma kange ku daga ambaton Allah da sallah. Tun ina allo na san ta, amma sai a lokacin na ganta tana faruwa a jikina ɗaya bayan ɗaya. Na daina ɗaga wayar kawu. Na koma tsanar duk wanda ya tambaye ni kuɗinsa, alhali haƙƙinsa ne. Zuwa Agege ya koma sai an yi sati biyu uku, in na je ma ina kwance fuska a bango.

Matata bata taɓa ɗaga min murya ba. Wata rana da daddare bayan yara sun yi barci ta zauna bakin katifa tace, Baban yara, in aure zaka ƙara ka faɗa min, wallahi zan iya ɗauka, amma wannan zaman da kake yi damu kamar baƙo shine bazan iya ba. Duk tunaninta mace ce. Nace mata kasuwa ce ta rikice saboda dala. Ta tashi ta buɗe akwatinta ta ɗauko kuɗin adashin da ta kwasa, wanda take tarawa don keken ɗinki, ta miƙo min tace in ƙara a jari Allah ya rufa asiri. Na karɓa. Basu kwana biyu a hannuna ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai dala ya kira Alhaji yace kayansa sun tashi gobe zai zo. Alhaji ya kira ni ɗan ɗakin da yake bayan shago inda muke sallah, ya rufe ƙofa yace in kawo ajiyar wane a ƙirga. Na tsaya. Ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau yace zauna. Na zauna a kan darduma. Yace nawa ne babu? Na faɗa masa, dala dubu tara da ɗari huɗu, ban da abinda abokan sana'a suke bina. Ya yi shiru yana jan carbi har na ƙosa ya zage ni ko ya mare ni. Sai yace ƴan damfara ne suka yi maka? Nace a'a Alhaji, caca ce. Yace innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya maimaita, sannan yace, ɗana, da ƴan fashi ne suka tare ka da na san me zan faɗa wa mutane, yanzu me zan ce wa kawunka da ya damƙa min kai? Ya miƙo hannu yace bani makullin. Na ciro shi daga aljihu na ajiye masa a tafin hannu, hannun nasa yana rawa, dattijo mai shekara kusan saba'in.

Alhaji bai kai ni wurin ƴan sanda ba, kuma da ya kai ni da gaskiyarsa. Da kuɗinsa ya biya mai kaya washegari don kar sunan shagon ya ɓaci. Aka zauna da kawu da yayana da limamin masallacinmu na Agege, aka sayar da filina na gida da babur ɗin da nake bayarwa haya, aka rubuta sauran a takarda zan riƙa biya duk wata. A zaman ne matata ta ji gaskiya, ta tafi gidan yayarta a Idi-Araba da yara, sai da manya suka sa baki ta dawo.

Zaku ɗauka wannan ya isa ya raba mutum da caca. Bai raba ni ba. Kuɗin farko da ya shigo hannuna bayan zaman nan sai naji muryar nan ta dawo, a natse take magana, babu hauka a cikinta, tana cewa yanzu ai ka koyi darasi, wancan karon garaje ka yi, ka je da kaɗan ka bi tsari ka rage wa Alhaji bashi. Na hau mota daga Agege, duk tsawon gadar Third Mainland ina ce wa kaina a Obalende zan sauka in juya, ban juya ba. Da na fito a daren babu ko kuɗin mota, na zauna a bakin titi na kira yayana nace Yaya zo ka ɗauke ni, bani da iko da kaina.

Shi ya kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, ina ta turjewa don kowa a Legas ya san me ake nufi in ance an kai mutum Yaba. Likitan da na gani ya zaunar dani yayi min bayani cikin mutunci. Yace Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar caca cikin jerin cututtuka, rukuni ɗaya da jarabar ƙwaya da giya. Yace ƙwaƙwalwa ta fi zumuɗi a lokacin jira, sanda ƙwallon take zagayawa ba a san inda zata faɗa ba, kuma in ka kusa ci ka rasa tana ɗaukar abin kusan kamar ka ci, shi yasa daren 17 ɗin nan ya fi duk wani daren da na ci ɗaure ni. Ya tambaye ni, da wace ƙwaƙwalwar kake kafa doka da rana, da wacce kuma kake zama a tebur da dare? Yace wanda yake gaban tebur bazai iya tsare kansa ba, dole a shirya abubuwa tun daga nesa yadda ko ya so bazai samu hanya ba.

Haka muka yi. Na bar Island gaba ɗaya, na koma Mile 12 ina riƙe wa wani dillalin albasa littafi, ƙarfe huɗu na asuba ina bakin motoci, kafin isha'i barci ya kwashe ni. Kuɗina asusun matata suke shiga, alat kuma yana zuwa wayar yayana, ita take bani na mota da na abinci kullum da safe. Babbar waya na bayar, ƙarama mai tocila nake riƙewa, wannan rubutun ma a wayar yayana nake yi yana zaune kusa dani. Duk abokan sana'ar da nake ranta a wurinsu da bakina na je na faɗa musu kar wanda ya sake bani ko sisi ko da na rantse da Alƙur'ani. Wasu suna ganin namiji da iyali bai kamata mace ta riƙe masa kuɗi ba, an faɗa min a fuska, ni dai na san abinda ya faru lokacin da suke hannuna. Liman ya faɗa min hadisin da yake cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca to ya yi sadaka, tun kafin a buga kenan, furucin kawai. Yanzu duk ranar da tunanin ya taso min, kuma yana tasowa musamman ƙarshen wata in biya ya matso, sai in faɗa wa matata a take in cire wani abu daga kuɗin abincina in bayar.

Abinda yake tayar min da hankali yanzu shine ni sai da na shiga mota na je otal, na wuce masu gadi, yaran yanzu kuwa gidan cacar yana cikin aljihunsu. A Kano Hisbah tana rufe shagunan caca, nan Legas kuwa sana'a ce mai lasisin gwamnatin jiha, duk lungu akwai shago, talla har jikin motocin haya da rigunan ƴan ƙwallo. Tun da aka hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa da su Eti-Osa a 2022 yaranmu da yawa suka rasa abin yi, zaka gansu a Agege da Mile 12 an haɗa kai a kan waya ɗaya ana kallon wasan cacar nan na ɗan jirgi da yake tashi, kuɗi yana ninkuwa sai ka cire kafin ya faɗi. Wasan nan kansa an gina shi ne akan a sa ka ji kamar kai kake da iko, in an cinye ka sai kace ai ni na makara ban danna ba, gobe zan fi natsuwa. Wani yaro ɗan dako da muke aiki tare, bai wuce shekara ashirin ba, ya nuna min dokokinsa da ya rubuta a bayan kwalin sigari, dubu biyu kawai a rana, in ya ci dubu biyar ya tsaya. Na karanta naji hawaye ya zo min. Na zaunar dashi a kan buhu na bashi labarin nan tun daga farko, ya yarda muka goge manhajar, kuɗin dakonsa yanzu wurin dillalinmu yake ajiyewa sai ƙarshen wata a tura wa mahaifiyarsa a gida.

Har yanzu ina biyan Alhaji, an ci fiye da rabi. Duk wata da kaina nake kai masa, yayana yana raka ni don bana tsallaka gadar nan ni kaɗai da kuɗi a jiki. Yana amsa gaisuwata, yana tambayar yara, ya buɗe takarda ya rage ya sa hannu nima in sa. Keken ɗinkin matata na saya mata da sallar da ta wuce, na hannu ne amma yana aiki, har ta fara karɓar ɗinkin makwabta. Wanda ya karanta wannan don Allah ya saka ni a addu'a Allah ya bani ikon sauke sauran haƙƙin bawan Allah nan tun yana raye.